Layi Biyu a Katin Kulu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Gusau, ni da direbanmu, gari bai gama wayewa ba. Masu ta tambayata ina na shige kwana huɗu ban leƙo nan ba, ga amsarku: na je Anka, na kwana biyu a Bukkuyum, na dangana da Gummi, duk a kan neman wata yarinya 'yar shekara huɗu. Ba yawon shan iska na je ba. Ɓarna na yi da alƙalamina na tafi gyarawa, kuma gara ku ji ta daga bakina.

Ga wanda bai san ni ba, ilimin halayyar ɗan Adam na karanta, aikina kuma zama da mutane in saurari abin da ke cin zuciyarsu. Tun da gubar dalma ta shiga ƙauyukan da ake haƙar zinari ta yi mana ɓarnar yara, nakan je Anka duk bayan 'yan makonni in zauna da matan da ke jinyar 'ya'yansu. Likitoci suna ji da jinin yaran, ni ina ji da uwayen. A cikinsu akwai wata Bafulatana mai suna Dije, daga wata ruga ta wajen Gwashi, da 'yarta Hauwa'u, wadda kowa ke ce wa Kulu. Kulu ta sha zagayen farko na maganin da ke fitar da gubar, aka sallame su da sharaɗin su dawo a sake auna jininta. Ranar ta zo ta wuce, sati uku suka bi bayanta, shiru. Likita ya ce mini yarinyar ta tafi da sauran guba mai yawa a jiki. In ba a ƙara mata magani ba, jijjigar da ta kawo ta na iya dawowa, ko ta tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa da ba ta gyaruwa. Da na tambayi dalilin rashin dawowarsu, wata nas ta ce mini a waya, ba ta ko sassauta murya ba: "Hajiya, rubutunki ya kore su. Ki zo ki gani."

Hanyar Sakkwato da sassafe daɗi gare ta. Mun wuce Bungudu da Maru ana fito da awaki, gero duk an yanke, dawa ta fitar da kai tana jiran ruwan ƙarshe. A mahaɗar Mayanci muka tsaya karyawa. Mai shayin wurin ya dubi motar ofis, ya dube ni, nan take kofin shayi ya ƙara daraja a idonsa, sai da direba ya yi masa magana da harshen gida ya dawo hayyacinsa. Direban nan namu dattijo ne mai ra'ayi a kan komai, daga tsadar taki har auren 'ya'yan mutanen da bai taɓa gani ba. Aikina kuwa har yau bai yarda aiki ba ne. Ya ce da ya san ana biyan mutum don ya zauna ya yi hira da mata, da bai ɓata ƙuruciyarsa wajen koyon tuƙi ba. Ina cikin ƙosai ƙanwata, autarmu, ta kira, wai ta ji ko mun tashi lafiya. Na ce mata ko Anka ba mu kai ba, ta bar ni in ci abinci.

Daga Mayanci muka karya hagu. Kwaltar ba laifi, sai dai ramuka nan da can da damina ta haƙa, da masu babura ɗauke da buhuna har ba ka ganin mutumin sai ƙafafunsa. Kafin hantsi ya yi zafi mun shiga Anka.

Nas ɗin da ta kira ni tana jirana da katin Kulu a hannu. 'Yar garin ce, ta girme ni nesa, tana jin Fillanci kamar a ruga aka haife ta, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta miƙo mini katin ta sa yatsa a ƙasa. Rubutuna ne, layi biyu, har da sa hannuna mai lanƙwasa da nake taƙama da shi: "Uwar ba ta nuna shaƙuwa da yarinyar ba. Ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta. Akwai alamar sakaci, a sa ido."

Na tuna ranar sarai. Na zaunar da Dije a kujera tana fuskantata, kamar yadda aka koya mana, wan mijinta na tsaye bakin ƙofa. Na ce mata me sunan 'yarki, ta sunkuyar da kai. Na ce kina wasa da ita, ta ce yarinyar tana da masu yi mata wasa. Na ce yaya kika ji ranar da ta fara jijjiga, ta kau da fuska ta ce ba komai. Yarinyar na kwance kusa da ita, ko sau ɗaya ba ta dube ta ba. Raina ya ɓaci, na rubuta abin da na rubuta, na kira mai bi mata. Ashe bayan tafiyata wata ma'aikaciya ta karanta, ta tsaya tsakiyar ɗakin jinya gaban mata sama da goma ta yi wa Dije tas, wai an rubuta ba ta kula da 'yarta, in ba ta gyara ba za a san abin yi.

Nas ta ce, "Kin duba ko ta nawa ce a wurinta?"

Na juya katin. Haihuwa ta farko. 'Yar fari. Na nemi benci na zauna. Kunyar ɗan fari fa, abin da ko yaron goye a ƙasar nan ya sani. Na tambayi Bafulatana sunan 'yarta ta fari a gaban wan mijinta, ta yi abin da duk mai tarbiyya za ta yi, ni kuma na rubuta mata sakaci. Da baƙuwa ce daga wata ƙasa ta yi wannan, da sai a ce ba ta sani ba. Ni kuwa a Gusau aka yanke mini cibi.

Nas ta ɗauki jakarta ta ce da ita za a, don in na je ni kaɗai ko ruwa ba za a ba ni ba. Bayan azahar muka nufi Bukkuyum. Hanyar ta ratsa gonaki da 'yan tungaye, mata na shanyar kuɓewa a bakin titi, ana gasa masara duk inda mota ke rage gudu. Da la'asar muka isa, muka fara da gaida wani dattijo da ya san rugagen wajen Gwashi, ya yi mana kwatance ya kuma yi alkawarin aika saƙo gaba, don kada mu faɗo wa mutane kamar masu karɓar haraji. A gidan wata 'yar uwar nas muka sauka. Aka kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawa ta ƙasar nan, an gutsuttsura shi da garin ƙuli da mai da albasa. Na ci har na ji kunya, na kuma ƙara. Autarmu ta sake kira, wai mun sauka? Na ce yarinyar nan ba ta da aikin yi.

Muna zaune tsakar gida kafin magariba nas ta shiga gindaya mini sharuɗɗa. Farar riga ta zauna a mota. Katin shaidar aiki na wuya ya zauna a mota. Fayil ma haka. In ɗaura atamfa in sa hijabi, mu riƙe goro da gishiri da sabulu. In mun isa, maza za a fara gaisarwa, sannan tsofaffin mata, kuma kada in kuskura in buɗe baki in ce ina Dije. Na ce to, ni da na yi shekaru ina koyar da yadda ake shiga wurin mutane, yau ga ni ana yi mini bita kamar amarya.

Sai ta tambaye ni abin da nake ta kauce wa tun Anka: yaya aka yi ni Bahaushiya na kasa gane abin nan? Na gaya mata gaskiya. Ni ma 'yar fari ce. Shekarata talatin da takwas, ban taɓa jin sunana a bakin Innata ba. "Ke" ce ni, ko "waccan". Ina ƙarama ina kallonta tana ɗora ƙannena a cinya, ni sai dai wurin kakata. Abin ya ci mini rai tun ina firamare. Da na je jami'a na tarar da littattafan da suka ba irin wannan suna, suka ce rauni ne da ake yi wa yaro, na rungume su hannu biyu, don sun ba ni gaskiya a kan Inna. To ranar da Dije ta kau da kai daga 'yarta, ba Dije na gani ba. Haushin shekara talatin na sauke a katin yarinyar mutane. Nas ta tura mini kwanon hocen.

Washegari muka bar direba da motarsa, don hanyar Gwashi a ƙarshen damina ba ta mota ba ce. Kabu-kabu biyu muka ɗauka. Nawa ya dube ni sama da ƙasa ya ce sai an ƙara masa wani abu saboda taya, na ce Allah ya isa tsakanina da hoce. Jama'a, na ga laka. Wani wuri mu hau, wani wuri mu sauka mu tattare zane mu taka, wani wuri mu tsaya garken shanu ya gama wucewa a tsanake, don su ba sa sauri saboda kowa. Mun ƙetare ƙorama biyu, ta biyun ruwa har gwiwa. Amma ƙasar kyakkyawa ce, kore ko'ina, ga ɗorawa da kaɗanya tsaye cikin gonaki, iska mai sanyi na kaɗawa.

Rugar ba ta masu tashi ba ce, sun daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Saƙon dattijon ya riga mu. Mijin Dije ya tare mu a gindin bishiya, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da ruwa da shanu, aka sake komawa farko. Aka kawo nono mai sanyi da fura. Sai da ƙwarya ta koma wofi nas ta ce mun zo duba jikin yarinyar da ta kwanta a Anka. Mijin ya ce ai ba sa nan. Kwana ashirin ke nan uwar ta roƙi ta je ganin gida wajen Gummi, ta tafi da ita. Ya ce shi bai hana a koma asibiti ba, ita ce ta ce ko an ɗaure ta ba za ta ba, amma in Innarta ta yarda, shi ya yarda.

Har mun yunƙura za mu tashi, uwar mijin, wata tsohuwa siririya mai zanen fuska, ta kama hannuna ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni ɗakin Dije ta ɗaga asabari. Ɗaki ne kamar kowane, gado da jeren ƙore, sai dai daɓen sabo ne fil, ja, sumul, yana ƙanshin makuba. Ta nuna mini tsakar gidan, nan ma an kankare ƙasar an zuba sabuwa.

Ta ce, "Da sunka dawo daga Anka ko hutawa ba ta yi ba. Tac ce likita ta ce gubar na cikin ƙasar da yara ka wasa. Ta haƙe ɗakin ga da hauya, ta kwashe ƙasar ta kai nesa ta binne. Sabuwar kuwa daga bakin gulbi ta ɗebo ta, ƙwarya-ƙwarya, a kai. Kwana tara."

Ni ce likitar da ta faɗi haka. Na tuna ranar da na tara matan ina yi musu bayanin ƙura da wanke hannun yara, Dije na can ƙarshen tabarma ta ba ni gefen fuska, ina cewa a raina waccan ko sauraro ba ta yi. Daɓen da mata goma ke taruwa su yi da waƙa, ita kaɗai ta buga shi. A bayan ɗakin na ga turmi an fasa shi biyu an kife. Tsohuwar ta ce a cikinsa ake daka duwatsun da ɗanta ke kawowa daga wurin haƙa, lokacin da kowa ke kawowa. Dije ce ta sa gatari ta raba shi. Na tsaya a wurin ina jin kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara aiki.

Mun koma Bukkuyum jiki duk ciwo, muka kwana, da safe direba ya ɗauke mu sai Gummi. Gummi gari ne mai albarkar ruwa. Tun kafin ka shiga za ka fara ganin fadamu da shinkafa ta yi kore shar, ga kifi a bakin hanya, ɗanye da banda, arha har sai da direba ya manta da mu ya shiga ciniki. Autarmu ta kira, na ƙi ɗauka. Rugar iyayen Dije tana ƙetaren gulbi, gulbin kuma ya cika ya batse, sai da jirgin fito. Ni da ruwa ba ma shiri. Na shiga kwalekwalen nan ina karanto duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa, mai fito na ta dariya yana cewa Hajiya ki saki gefen jirgin, ba gudu zai yi ba.

Muna doso gidan na hango Dije tana shanya ƙore. Ta gane ni tun daga nesa duk da hijabin. Ta ajiye ƙwaryar hannunta a hankali ta shige bayan zana, ba ta sake fitowa ba.

Innarta ce ta tare mu, dattijuwa mai jiki da fara'a, Kulu na maƙale a cinyarta. Yarinyar ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru, hannunta ɗaya na dafe da ciki. Aka shimfiɗa mana tabarma a jikin zanan nan da Dije ta shige bayansa. Bayan gaisuwa na ajiye goro, na ce wa tsohuwar ni ce wadda ta yi rubutun da ya jawo aka ci mutuncin 'yarta, na yi kuskure, na zo neman gafara. Ban iya tsara shi da kyau ba. Ta dube ni ta ce babba ba ya zuwa har gida a mayar da shi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta jawo tiren gyaɗar da take ɓarewa ta tura tsakaninmu, na sa hannu muka ci gaba tare.

Sai na fara tambayoyina, amma wannan karon kakar nake tambaya, idona a kan gyaɗa. Yarinyar tana cin abinci? Tsohuwar ta ce tana taɓawa. Daga bayan zana wata murya ta ce a hankali, "Jiya loma uku. Shekaranjiya nono kawai." Na ce tana barci? Kafin kakar ta buɗe baki muryar ta ce tana farkawa sau biyu tana riƙe ciki. Bayan gida fa? Kwana huɗu ke nan babu. Hannunta na rawa? Na hagu, in ta ɗauki moɗa, tun ranar Talata. Ikon Allah! Babu abin da matar nan ba ta ƙirga ba. Ko a asibiti ban taɓa samun uwar da ta ba ni bayani daki-daki haka ba, kuma duk ba ta ambaci suna ba, ba mu ga fuskar juna ba.

Na ce, kamar da gyaɗar nake magana, na san wata mata da ke ɗauke da abu mai nauyi a zuciya game da wata yarinya, ba ta da inda za ta sauke. Can ta ce, "Ni na daka dutsen. Tana goye a bayana. Da ta fara rarrafe, gindin turmin take zama. Da hannuna na ba ta."

An koya mana abin da ake cewa a irin wannan wuri, amma na bar shi. Na ce mata lokacin da take dakan, babu wanda ya san akwai guba a dutsen, ba mijinta ba, ba masu gari ba, ba mu masu karatun ba. Sannan na ce, "Na je ɗakinki. Na ga daɓen."

Sai na ji kuka, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya toshe baki da zane. Nan take tsohuwar ta miƙe da Kulu a kafaɗa ta shiga korar kaji da ƙarfi, tana faɗa da su kamar sun yi mata wata gagarumar ɓarna, alhali kajin na can nesa suna kiwonsu. Nas ma ta tashi ta taya ta. Sai da na yi daƙiƙa kafin na gane: rufa mata asiri suke, don kada a ce an ji ta tana kuka a kan 'yar fari. Na zauna ni kaɗai a gefen zanan ina ɓarar gyaɗa har ta gama. A duk shekarun aikina ban yi zaman da ya kai wannan ba.

Da ta natsu ta faɗi abin da ya hana ta komawa. An ce an rubuta, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa. In ta koma, karɓe yarinyar za a yi a ba wani. Shi ya sa ta kawo ta wurin Inna, in ma rabuwa ce, gara a hannun nata. A nan na karya sharaɗin nas, don katin Kulu na cikin jakata tun Anka. Na fito da shi a gaban tsohuwar, na ja layi a kan rubutuna, na rubuta wani a ƙasa, na ba nas ta karanta da ƙarfi da Hausa, ta maimaita da Fillanci: "Na yi kuskure a bayanin sama. Yarinyar 'yar fari ce. Uwar tana kula da ita matuƙa, ita ta fi kowa sanin halin jikinta. A yi magana da kakar, uwar za ta ji." Na kuma gaya musu abin da likita ya ce ba tare da na rage komai ba, har da rawar hannun nan da ba ta kwanta mini ba.

Tsohuwar ta shafa kan Kulu. Sannan ta ɗaga murya yadda na bayan zana zai ji, ta ce, "To, ni za ni Anka da ƙawata. Dije ta biyo mu ta riƙa muna kaya, ni ban iya ɗaukar ƙwarya da tsuhwana."

Haka aka yi. Kafin la'asar muna cikin jirgin fito, kakar a tsakiya da Kulu, Dije a baya da ƙullin kaya a cinya, ta juya fuska tana kallon ruwa kamar ba ta san da wa take tafe ba. Tsoro ya sa na sunkuyar da kai, sai idona ya sauka a ƙasan ƙullin. Hannunta na nan ta ƙarƙashi, ta damƙe gefen rigar yarinyar gam, tun daga wannan gaɓa har waccan. Na ɗauke idona na mayar kan ruwan da nake tsoro, don na gane ba a so in gani ba.

Mun shiga Anka gab da magariba, direba na ta mitar ƙarnin kifin da shi da kansa ya saya. Da safe aka auna jinin Kulu, likita ya ce gara da aka zo, aka ba su gado aka fara zagaye na biyu. Da mai rajista ya ɗago kai ya tambayi Dije sunan yarinya, kakar ta amsa tun kafin ya rufe baki. Na nemi ma'aikaciyar da ta yi faɗan nan muka yi magana, ban ɗora mata laifi ba, don abin da na rubuta ta karanta. Na kuma roƙi a ƙara tambaya biyu a saman takardarmu, kafin duk wata tambaya: yaron na nawa ne a wurin uwar, kuma wa ke magana a kansa a gida. Ban san yadda Kulu za ta tashi ba, likita ma bai yi mini alkawari ba. Amma tana kan gado tana shan magani, uwarta na zaune a ƙasa ta ba ta baya, kunnenta na wurinta.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin a raina. Ban zubar da karatuna ba, yana da amfani, kuma akwai uwayen da sakacin nasu na gaske ne. Amma takardar tambayoyin nan a wata ƙasa aka tsara ta, inda ake auna ƙauna da kallon ido da kiran suna. Wanda zai yi aikin nan a cikinmu sai ya fara sanin yadda mutanen wurin ke nuna tasu, da wanda ake tambaya, da gaban wanda ba a tambaya. Sai kuma ya san ciwon da shi kansa ya shigo da shi ɗakin, don nawa ne ya kusa hana yarinya magani.

Mun iso Gusau bayan la'asar. Kafin in wuce gidana na ce direba ya sauke ni a gidanmu. Autarmu ta tare ni a zaure tana hararata, wai don me na ƙi ɗaukar wayarta a Gummi. Na ce ke ma kin cika naci. Ta ce, "Ni? Yaya, ni ina ruwana da tafiyarki? Inna ce ta hana ni sakat. Kullum sai ta ce kira waccan ki ji ko sun sauka. Jiya da ba ki ɗauka ba ko tuwo ba ta ci ba."

Na shiga. Inna na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta a kan tire, kamar yadda ta saba tun ina yarinya. Sannan ta ce wa auta, "Ɗauko wa waccan kwanon da na rufe, kada dambun ya huce." Dambun zogale ne, wanda duk gidan ni kaɗai ke so.

Shekara talatin da takwas ina jiran matar nan ta kira sunana, ranar na daina jira. Ban zauna gabanta ba. Na zagaya na zauna a gefenta, na cinye dambun tas, sannan na jawo bakin tiren muka ci gaba da tsintar shinkafar tare.